Kananzir Ɗin da Ya Kori Kaka

Duk shekara idan na buɗe kwalbar kananzir a gaban ɗalibaina a Kafanchan, warin ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Darasin ba wuya. Nakan ɗiga fetur da kananzir a kan tebur, fetur ya bushe nan take, kananzir ya zauna. Ƙwayoyin fetur gajeru ne, ɗan jan da lantarkin jikinsu ke yi wa juna ba shi da ƙarfi, shi ya sa suke tashi su cika iska suna jiran wuta. Na kananzir dogaye ne, sun riƙe juna gam. Ka ji fa, iyakar maganar ke nan.

Ina ƙarama, lokacin shanyar citta, aka yi wahalar mai. Mama ta sayo kananzir wurin ɗan bumburutu a bakin tasha. Da yamma ƙanwata ta je ƙara wa fitila mai, fitilar tana ci, kamar yadda kowa yake yi a gidanmu. Sai wuta ta tashi har rufin ɗaki, ta cinye mata fuska da hannu. An gauraya kananzir ɗin da fetur ne. Amma wa ya tambayi wannan?

Kawu, wanda dattijo ne a ikilisiya, ya ce tun kakanni ake ƙara mai haka, ba a taɓa ganin irin wannan wuta ba, akwai hannu a ciki. Aka kawo mai addu'a daga Manchok. Ya zagaya gida yana ihu, ya tsaya cak a ƙofar Kaka, uwar Baba, tsohuwar da ke goya yarinyar nan tun tana jaririya.

"Ni zan ci jikata?" in ji Kaka. Abin da ta faɗa ke nan.

Baba ya sunkuyar da kai, ko tari bai yi ba. Har yau ban yafe masa wannan shirun ba. Aka ɗora Kaka a babur da ƙunshin zannuwanta, sai Zonkwa wurin ƙaninta. Ɗan bumburutu kuwa ya ci gaba da kasuwarsa, har baiko yana kawowa coci.

Yanzu fitilar sola ce a kowane ɗaki, yaran gidan ba su ma san lagwani ba. Bara na zaunar da Kawu, na yi masa gwajin nan a kan faranti. Ya kalla, ya ce, "Malama, abin da ya wuce ya wuce."

Bai wuce ba. Ƙanwata ta yi aure da tabonta, ta haifi 'ya, ta ce za ta sa mata sunan Kaka. Dangi suka hana, wai sunan mayya ne.