Fankar Sidi

Ranar da Baba ya ɗaura fanka a ɗakinmu na unguwar Misfala da ke Makka, a tsakiyar zafin shekarar da na shiga aji huɗu, duk gidan muka taru muna ɗaga kai kamar masu duban wata. Baba ya kai hannu zai kunna ke nan, sai kakanmu ya daka masa tsawa, yana kiransa ɗana da Larabci: "Tsaya, ya waladi!" Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga sandarsa ya tura fiffiken fankar a hankali har ta zagaya, ya kasa kunne, sannan ya ce a kunna. Mu yara muka tuntsire da dariya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Sidi muke ce masa, yadda 'yan Makka ke kiran kaka. Mutumin Katsina ne, an ɗauke shi soja yana saurayi aka kai shi ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, aka ajiye shi a filin jirage. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen tambaya, don haka duk la'asar, in na gama wanke-wanke, sai in bar ƙawayena suna 'yar carafke a lungu in zo in tsare shi. Me ya sa ake juya farfelar jirgi da hannu kafin a tayar? Ya ce injin jiragen dakon kaya a zagaye yake, in ya kwana baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa, wanda ya tayar bai juya ba sai ƙarfe ya karye. Me ya sa fetur ɗinsu kore ne? Rina shi ake yi don kada a haɗa da na mota, wanda ke sa inji ƙwanƙwasa har fistan ya ƙone, jirgi yana sama. Harsashi fa, ba ya sare farfela? Ya ce a jiragen yaƙi, a fiffike bindigogin suke, nesa da ita. Shi da hannunsa yake shimfiɗa jigidar harsashi a cikinsu, yana shafa ta kada ko ɗaya ya karkace.

A nan muryarsa ke canzawa. "Cike suke tashi, ya binti, su dawo wayam," haka yake cewa, sai ya juya hannuwansa yana kallo. Bai taɓa harbin kowa ba, bai kuma taɓa ganin inda harsasan suka sauka ba. Abin da ke cinsa ke nan: ko jinin yana wuyan wanda ya jera harsasan. Saboda wannan ne ya zo Hajji ya ƙi komawa gida. Kowace shekara yakan bi masu dafa wa alhazai abinci zuwa Arfa, in an sauke tukwane ya shiga tantuna yana neman malamai da tambayarsa guda. Duk sukan ce rahamar Allah tana da faɗi. Ya yi godiya, ya dawo, ya kasa cin tuwo. Ina jin haushin Baba da ke cewa tsufa ne kawai, don ni na san ba tsufa ba ne.

A ciwonsa na ƙarshe, ina yi masa fifita saboda an ɗauke wuta, ya kama hannuna ya ce, "Ke mai tambaya, wannan ɗayar ki tambayar mini." Na ce to.

Yau lungunmu babu shi, otal ne a wurin, ɗakunanmu na yanzu kuma sanyin na'ura ke hura su. 'Ya'yana Hausarsu ba ta kai su ji labarin nan ba, injinan da ya sani sai a waya suke ganinsu. Na tambayi malamai da dama, amsar ba ta canza ba, na kuma yarda da ita. Amma akwai tsohuwar fanka a kicin ɗina, har yau sai na tura ta da muciya kafin in kunna. Ban samu wanda zan kai wa amsar ba.