Ƙauye guda a layin ba da jini

Jama'a, yau ƙauye guda ya taso ya zo asibitinmu!

Akwai wani tsoho masunci da nake jinya, daga wani ɗan ƙauyen bakin teku wajen Jizan, can nesa a kudancin ƙasar Larabawan nan da nake aiki. Za a yi masa tiyata, ana neman jini. Jiya na ce wa ɗansa ya samo mana ko mutum biyu ne.

Da safe ina isowa dawam, wato aiki, sai ga bas cike a ƙofa. Maza, mata, har limaminsu! A hanya suka kwana.

Na ce, "Duk danginku ne?"

Ɗan ya ce, "La, sista, maƙwabta ne. Motar makarantarmu ce, ba mu da wata. Mai baƙala ya rufe kantinsa, mai burodi ya kashe wuta. Ladan kaɗai muka bari, kada masallaci ya yi shiru."

Wallahi jini har ya yi saura!

Ina cire wa wata mata allura, sai ta riƙe hannuna. "Ya binti, 'yata, ke baƙuwa ce. In kin kwanta, wa zai zo?"

Duk daɗewata a unguwarmu ta Malaz, ko sunan maƙwabciyata ban sani ba.