Ampul a ɗakin ɓerayen Masar

Shekarun baya, a ƙauyenmu kusa da Gidan Amumune, ina kiwon ɓerayen Masar a wani ɗan ɗaki bayan rumbu. Haihuwa suke yi ba hutu. Da ɗana ya aiko mini da panno na hasken rana da batir daga Maraɗi, sai na ja waya na rataya musu ampul, wato ƙwan lantarki, saboda mage. Ɗakin ba taga, na bar ampul ɗin kunne dare da rana, ina jin na waye.

A makon ne abokina, Bafillacen da muka taso tare, ya leƙa ya ce, "Kai, sun yi kyau." Bai ce tubarkalla ba. Na riƙe wannan a raina.

Wata ya wuce, wani ya bi, ba macen da ta ɗauki ciki. Sai faɗa da rama. Na ce bakin abokina ne. Na rataya laya a ƙofa, na hana a karɓi nonon gidansa. In ya yi sallama, a waje nake tare shi.

Da damina ta sauka ya kora shanunsa arewa. Batir ma ya mutu a lokacin, ban kawo komai a raina ba. Ba a jima ba matan suka yi ciki. Na ce wa mai ɗakina, "Kin gani? Yana tafiya, abu ya warware."

Da gero ya nuna na sayo sabon batir, ampul ya dawo. Masu ciki suka haihu, daga nan shiru.

"Malam, yanzu kuma bakin wa?" in ji mai ɗakina. "Ko daga arewa yake aiko shi a kabu-kabu? Dabbar da ka hana dare, ina za ta san lokacinta?"

Na kashe ampul don in ƙaryata ta. Suka ci gaba da haihuwa. Daga baya likitan dabbobi ya ce mini jikinsu da duhu da haske yake gane lokacin barbara.

Da abokina ya dawo na je har rugarsu na faɗa masa komai. Ya ce, "Kaɗo, ina da shanu, in yi hassadar ɓera?"

Ya yafe, amma bai manta ba. Har yau ko tsohon takalmina ya gani sai ya ɗaga murya ya ce, "Tubarkalla." Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Amma nakan tuna cewa da hannuna na rataya ampul ɗin, na tafi neman mai laifi a gidan wani.