Ranar da Mota Mai Rimot Ta Shiga Tserenmu

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a bazarar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, na ga bakin yaro ya fashe saboda motar wasa. A bakin ruwan Wara abin ya faru, a filin da tafki yake bari idan ya janye, inda laka ke bushewa ta yi tauri, masunta kuma suna shanya taru a gefe.

Tserenmu yana da tsari. Sai mun ɗebo wa Inna ruwa, mun zuba wa awaki harawa, sannan mu tafi. Aji uku ne. Na farko motar kara, ta ƙananan yara, ana jan ta da zare. Na biyu motar gwangwani, wadda ake yanka wa tayoyi daga tsohon silifas. Na uku motar waya, ta manya, mai dogon sitiyarin ƙarfe da ake turawa a guje. Ba a haɗa aji da aji. Doka ta ƙarshe ita ce mai zafi: wanda ya ci zai taka motar wanda ya zo ƙarshe, taku ɗaya, a gaban kowa.

Ba a taɓa taka motar yayana Bala ba. Da wayar ƙonanniyar taya ya ƙera ta, ya yi mata ƙofofi masu buɗewa, a ƙarƙashin gadonsa take kwana. Ni kuwa aikina jan layi.

Ranar nan Sanusi, baƙon maƙwabcinmu da ya zo hutu daga Kontagora, ya iso da wata jar mota mai batir, wadda ake tuƙawa da rimot. Na ce a buɗe mata aji na huɗu, ta yi gudunta ita kaɗai. Ya yi dariya ya ce, "Tsoro ne, 'yan ƙauye." Bala ya tofar da yawu ya ce, "Wagga abar robar za ni tsoro? Umaru, ja layi."

Su biyu suka kara. Bala ya zuba da gudu, gumi na tsiyaya, Sanusi yana tsaye wuri guda yana motsa babban yatsa. Jar motar ta riga isa. Sanusi ya ɗora takalminsa a kan motar Bala ya taka. Da ya tsaya nan, da doka ce. Amma ya ƙara, sannan ya yi tsalle a kanta da ƙafa biyu har tayoyin suka fice.

Bala ya zare sitiyarin ya tsula masa a fuska. Leɓe ya tsage, haƙori ya faɗi cikin ƙasa. 'Yan gidan maƙwabcinmu suka rufe mu, aka shaƙe ni, wani ya cije ni a kunne, duwatsu suka fara tashi. Bala ya ɗauki dutsen da ake danne taru ya rotsa jar motar, batura suka watse. Sai da wani masunci ya shigo tsakaninmu da filafilin tuƙa kwale-kwale yana maka wa kowa muka rabu. A gida Baba ya zane Bala da dorina a gaban maƙwabcin har riga ta manne da bayansa, Inna na kuka a ɗaki. Daga ranar aka hana tsere.

Yanzu ɗana yakan nuna mini irin wannan tseren a wayarsa. Mai batir daban, mai shan mai daban, ta kan kwalta daban, ta cikin rairayi mai manyan tayoyi daban, kuma ba mai taka ta wani. Na kai wa Bala ya gani a bakin ruwa, inda yake tuƙa jirgin fito. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar ya ce, "Su ba su gudu da ƙafa?" Filin yana nan duk bazara, yara suna ratsa shi hannu wofi. Bala bai ƙara lanƙwasa waya ba har yau.