Kilishi a Kan Farantan Sola

Mu uku ne a tafiyar: ni, da kawuna ƙanin mahaifiyata, wanda yake tuƙa wani Balarabe a Doha, da amininsa, mutumin Zangon Kumasi a ƙasar Ghana, mai gadi a Al Thumama. Motar da muka tafi da ita ta kafil ɗin kawu ce, wato Balaraben da yake yi wa aiki, a-kori-kura mai ɗan ɗaki a baya, da firji da talabijin. Tun zamanin korona take ajiye, har batirin ɗakin, wanda ba ya haɗe da inji, ya galabaita. Kafil ya ara mana ita bisa sharaɗi guda: batirin ya dawo da ransa, in ba haka ba, khalas, wato shi ke nan, babu sauran aro.

Da yake ni ne mai digiri, aka ɗora mini nauyin. Na sayo ƙananan farantan sola biyu, na kafa su a rufin ɗakin da kusoshi, na zuro waya ta na'urar daidaita caji zuwa batir. Allurar caji ta tashi. Kawu ya sa mini albarka.

Mun tashi da asuba daga Mesaimeer, muka nausa kudu, domin mu huta daga cunkoson baƙin gasar cin kofin duniya, aminin kawu kuma ya kalli wasan Ghana ba tare da an taka masa ƙafa ba. Titin sumul yake, babu rami ko ɗaya, abin da ya sa kawu ya yi ta hamma don rashin abin kaucewa. Bayan Wakra muka sha shayin karak mai madara da capati, wato gurasar Indiyawa, da araha ƙwarai, sannan muka rage iskar tayoyi kamar yadda masu shiga rairayi suke yi, muka yada zango a bakin teku.

Washegari na lura allurar caji tana sauka, alhali rana tana dukan ƙasa babu tausayi. Na kwance wayoyi na sake ɗaurawa. Na zargi mai shago, na zargi masana'anta, daga bisani na fara zargin jami'ar da ta yaye ni. Kawu kuwa yana zaune a kan tabarma cikin natsuwa, yana ce mini in yi haƙuri, kayan Nasara sai a hankali.

Bayan la'asar wani jan mai ya gangaro ta jikin taga, yana ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta. Na hau tsani. Farantan nan biyu an lulluɓe su da nama tun daga wannan gefe har wancan, an shafe shi da labu, an jera shi da gwaninta.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kilishi mana. Tun ina shanya ban taɓa samun wuri irin wannan ba. Gilashi tsaf, ba yashi, ba kyanwa, ga shi yana kallon rana."

"Ai ranar ce batir yake sha!"

"Kai ɗan nan, ranar ƙasar nan ta ishi kowa. Nama ya sha tasa, batir ya sha tasa."

Kafin in gama bayani in goge man, rana ta yi ja ta faɗa bayan tuddai. Aka take wasa. Aminin kawu ya yafa tutar ƙasarsu, ya tsuguna gaban talabijin yana cewa, "Yalla, yarana, yalla!" Ɗan wasansu ya ɗauko ƙwallo ya nufi raga, sai allon ya yi baƙi, firji ya ja numfashin ƙarshe. Bawan Allah ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, shekara nawa muna tare, ashe nama ya fi ni a wurinka?" Kawu ya miƙa masa yankin kilishi. Ya karɓa ya ci, domin gaskiya kilishin ya yi.

Da muka komo Doha, mai gyara ya gwada batirin ya girgiza kai. Kafil ya saurari bayanin kawu har ƙarshe, ya ci kilishin, ya yaba, sannan ya miƙo hannu ya karɓi makulli. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda zai kafa sola ya fara yi wa dattawan gidansu bayani kafin ya taɓa waya.

Abin da aka rasa: batir ɗaya, nono gora biyu da ke cikin firji, wasa guda, da aron mota har abada.