Mai Ƙanƙara da Tafiyar 'Yarsa Tekun Kudu

Abduljalil jikan alhazai ne da suka zo Jidda ba su koma gida ba. A unguwar Sa'alaba aka haife shi, kuma tun yana saurayi yake sayar wa masunta ƙanƙara a kasuwar kifi. A wurinsa, ƙanƙara aba ce da ake lulluɓewa da buhu a yi sauri da ita, don narkewarta asara ce.

'Yarsa Juwairiyya ta karanci ilimin teku, har aka zaɓe ta cikin masu binciken da jirgin ruwa zai kai can ƙarshen duniya ta kudu. Ta ce ba za ta tafi ba sai da yardarsa. Shi kuwa ya ƙi.

"Ki bar gida ki je kallon ƙanƙara tana narkewa? Zo rumfata ki gani kyauta."

"Baba, ta can daban ce," in ji ta. "In ta janye lokacin zafi, rana takan shiga ruwan, ƙananan tsirrai su yaɗu su sha iskar kabon da motocinmu ke fitarwa. In sun mutu, wasunsu su nutse da ita ƙasan teku. Yanzu ƙanƙarar tana canzawa, muna so mu auna ko tekun zai ci gaba da ɗaukar mana wannan kaya."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa da sanyi ya tsattsage.

"Halas, shi ke nan, je ki, Allah ya tsare. Amma ki sa safar hannu biyu. Ƙanƙara ba ta san 'yar kowa ba."