Keken Hannu Na Ce a Kawo Mani

Ni dai ban taɓa roƙon kowa ba, ku fara riƙe wannan. Ciwon da ya kama ni tun ina ƙarama ya shanye mani ƙafafu, ya bar su sirara kamar kara, idon sawu ba ya lanƙwasawa, sai da sanda nake ratsa tsakar gida. Amma hannu fa? A duk Tafoki babu macen da ta kai ni riƙon allura. Hula, rigar jariri, bakin zane, in na ɗinka sai an juya ana neman inda zaren ya bi.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru. Aka ɗora ni a jaki muka je biki Sabuwa, wurin dangin Malam, maigidana. Can na ga abin da ya hana ni sukuni. Matar wani malamin gona ce zaune kan tabarma, ta miƙe ƙafa kamar yadda nake miƙewa, ga wani ɗan keken ɗinki a gabanta bisa akwati. Hannun dama yana juyawa, na hagu yana tura yadi. Ta ga na ƙura ido, ta ce in gwada. Wallahi ban ɓata mata ko taƙi ɗaya ba. Na ce a raina, wanda ya ƙera wannan da ni ya yi.

Matan kulle ba sa son tela namiji ya san faɗin jikinsu, sai dai su aika da tsohuwar riga a kwatanta, ta dawo ko ta matse ko ta yi buhu. Na ga in na samu keken nan, ni ce telar matan gari, ina zaune a ɗakina, ba wanda zai sake cewa "Allah sarki" in na wuce.

Da kaka ta yi na sayar da gyaɗata da raguna biyu da na yi kiwo. Akwai wani Alhaji mai shago a kasuwar Ƙanƙara, shi ke sauko da kaya daga kantunan Funtuwa, kuma abokin Malam ne tun suna samari. Na ce wa Malam, "Ka faɗa mashi na hannu. Irin wanda ake ajewa ƙasa. Na hannu, Malam." Ya ce, "Ke, kunnena lafiya lau." Kuma ya faɗa wa Alhajin, ban zarge shi a nan ba.

Tun keke bai zo ba mata suka fara kawo yadin Sallah. Na karɓa, na jera bisa gado, har da yanga.

Ranar da kaya suka iso, mota ta sauke su Faskari, aka ɗauko su zuwa gida. Ina ɗaki na ji ana cewa a kama, a kama, da nauyi. Wanda na gani a Sabuwa, mace ɗaya ke ɗaukarsa a ka. Wannan kuwa jakai biyu suka kawo shi. Maza suka ɓalle akwati a zaure, suka harhaɗa, suka shigo da shi suna nishi: teburi ne dogo, da ƙafafun ƙarfe, da wani faranti a ƙasa wanda ake takawa. Maƙwabta suka cika gida, aka rangaɗa guɗa, wata ta fara rabon goro. Irin na telolin kasuwa ne, kowa na shafawa yana sa albarka.

Ƙanwar Malam ce kaɗai ta dube ni. Abokiyar wasata ce, bakinta ba linzami. Ta matso ta ce, "Yaya, to wa zai ara maki ƙafa?" Ta yi dariya, sai ta ga ban yi ba, ta kama bakinta.

Da mutane suka watse na sa aka ɗora ni kan turmi a gabansa. Na kama ƙafata da hannu na aza kan farantin. Na danna. Ko motsi.

Malam ya koma Ƙanƙara ranar kasuwa, ya dawo da yamma yana ta goge zufa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce na hannun sun ƙare a kanti. Wanga ya fi tsada, amma bai nemi ciko ba, don darajata. Mutane na wurin, kowa na ta yi mashi godiya."

"Ka faɗa mashi dalili?"

"Wane dalili?"

"Ƙafafuna, Malam."

Ya sunkuyar da kai. "Haba ke kuwa. Tsakar kasuwa, gaban maza, in buɗe baki in yi zancen jikin iyalina?"

Na san haka ne. Namijin kirki ba ya kwatanta matarsa a waje, ko sunanta ba ya faɗa. Alhaji bai taɓa ganina ba. Shekara da shekaru suna tare, Malam bai taɓa nuna mashi cewa gurguwa yake aure ba, kuma da wannan rufin asirin nake alfahari da shi. Yau ga shi ya rufe har da haƙƙina.

Na matsa, na hana Malam sakat, sai da ya kai maganar gaban mai gari. Ni ba a kai ni ba, mace ba ta zama a wurin nan. Ƙanwar Malam ce ta laɓe bayan danga ta kwaso mani yadda aka yi. Mai gari ya tambaya, an rage mata wani abu? Aka ce a'a. Ba ya ɗinki? Aka ce yana yi. Tsoho ne? Aka ce sabo fil. Ya ce, to shi cutar da ya sani ita ce a ba mutum abin da bai kai nasa ba; wadda aka ƙara wa, mi take nema? Kuma an buɗe akwati, an yi guɗa, gari ya shaida an karɓa. Duk wanda ke zaune a wurin ɗan garinmu ne, duk sun san yadda nake tafiya. Ba wanda ya furta. Kunya suka ji mani, Allah ya saka masu.

Na gwada juya ɗan zagayen ƙarfen da ke gefensa da tafin hannu. Yana ɗinki, amma allurata ta fi shi sauri, tafin hannuna kuma ya yi kanta don gurzuwa. Na aika wa maƙeri ko zai yi mani mariƙi, ya leƙo ya duba ya ce shi ba ya taɓa ƙarfen Turawa, in ya fashe ba shi da na biya.

Sallah ta matso. Na ɗinka abin da na iya da allura, sauran na naɗe na mayar wa masu shi. Wannan aiken ya fi komai yi mani ciwo. Suka aika da yadinsu Faskari, wurin tela namiji, da tsofaffin riguna na kwatance.

Malam ya so a sayar, sai ya tuna labari zai kai Ƙanƙara, a ce ya raina alherin abokinsa. Keken ya zauna a ɗakina. Na rufe shi da zane, na jera kwanonina a kai, baƙi su shigo su ce kai, matar nan da arziki take.

Har Alhaji ya bar duniya, duk ranar kasuwa sai ya ce wa Malam, "Ina mai keke? Yana dai aiki ko?" Malam ya ce, "Alhamdu lillahi." In ya dawo ya isar mani da gaisuwar, ni kuma in ce ina amsawa.